Abin da Haliru Ya Kai Kan Dutsen Kinabalu

Haliru da Malam Ashafa a matakalar bene suka saba, a shekarar da aka fara kullen korona. Gidan da suke haya a Danau Kota hawa ashirin da uku ne. Haliru da matarsa Surayya da 'yarsu Mero suna hawa na tara, Malam Ashafa da iyalinsa suna na sha huɗu. Karatun digiri na uku ne ya kawo su Kuala Lumpur su biyun, a jami'ar da ke Jalan Semarak, amma kafin korona gaisuwa ce kawai ke haɗa su, a masallaci ko a tashar bas. Da aka rufe jami'a, aka hana fita sai sayen abinci, Haliru ya ga zaman ɗaki na neman haukata shi, sai ya soma hawa benen da ƙafa bayan sallar asuba, daga ƙasa har sama. A rana ta uku ya tarar da Malam Ashafa zaune a hawa na sha ɗaya yana haki, da gorar ruwa a hannu. Likita ne ya gaya masa in bai riƙa motsa jiki ba ciwon sukarinsa zai kwantar da shi.

Malam mutumin Gusau ne, malamin labarin ƙasa a wata kwalejin ilimi. Ya ba hamsin baya, ya girmi Haliru da kusan shekara ashirin, ga sanyin magana ga son tsokana. Daga ranar suka riƙa hawa tare, Haliru a gaba, Malam a baya yana ba da labari tsakanin numfashi da numfashi. A nan ya gaya wa Haliru cewa shekara ashirin da biyar ke nan yana zana wa ɗalibai duwatsun duniya a allo, yana yi musu bayanin yadda iska ke raguwa in an yi sama, alhali shi bai taɓa hawa abin da ya fi dutsen Kwatarkwashi ba. Ya ce ba ya son ya koma gida haka. Akwai dutsen Kinabalu a Sabah, can tsallaken teku, tsayinsa ya haura mita dubu huɗu, kuma akwai kamfanonin da ke haɗa mutum da ɗan jagora ya hau da shi, in ya sauko su kai shi kogin Kinabatangan ya kwana uku yana kallon namun daji. Haliru ya ce in dai Malam zai je, to da shi za a je.

Sau uku suna tsayar da rana, sau uku cutar na tashi a sake rufe hanya. Ba su fasa hawa bene ba, har ma suka ƙara da goya jakunkuna cike da littattafai. Sai a watan Fabrairu na 2022 kamfanin ya ba su rana, ya kuma gaya musu in wannan ta wuce sai sun jira watanni kafin a sami wani gurbi. Malam kuwa a Afrilu zai kare kundinsa, ya tattara ya koma Najeriya.

Kamfanin ya sa sharaɗi: ana gobe tafiya kowa ya yi gwajin korona na gida, ya ɗauki hoton sakamakon ya aika. A safiyar wannan ranar Haliru ya tashi da ƙaiƙayi a maƙogwaro da ɗan nauyin kai. Ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa ya yi gwajin. Layi na farko ya fito nan take. Na biyu ya biyo baya a hankali, dishi-dishi, sai an karkata shi wajen haske ake ganinsa, amma yana nan.

Ya daɗe a tsaye. Bai gaya wa kansa cewa bai gani ba. Dalilai ya shiga jera wa kansa. Ya yi rigakafi har sau uku, Malam ma haka. Kowa na cewa wannan samfurin da ke yawo yanzu bai fi mura ba. In ya janye, Malam ba zai je shi kaɗai ba, shekara biyu na hawa bene sun tashi a banza ke nan, dattijo ya koma gida da burinsa a ciki. Ya yi ta juya wannan dalili na ƙarshe saboda shi ne ya fi kyau a kunne, amma can ƙasan ransa ya san shi ma yana son tafiyar kamar ya mutu. Ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa na Kano, ya gaya wa abokan karatu, har takalmin hawan ya sa a hoto.

Akwai wani kwalin gwajin a durowa. Ya buɗe shi, ya ɗiga ruwan kawai ba tare da ya sa audugar a hancinsa ba, layi ɗaya ya fito tsaf. Shi ya ɗauka hoto ya aika. Na farkon ya naɗe a leda ya kai ɗakin shara da kansa.

Da la'asar matar Malam, Hajiya Hannatu, ta sauko hawa na tara. Tun farko ba ta so tafiyar ba, ta yarda ne kawai don da Haliru za a yi ta. Ta kawo masa ledar maganin sukari ya riƙe, ko na hannun Malam zai ɓata, ta gaya masa lokutan shan kowanne. Daga bakin ƙofa ta ce, "Malam Haliru, ga amanar Malam nan na ba ka. Ka san ba ya faɗa in yana jin ciwo." Haliru ya karɓi ledar da hannu biyu ya ce in Allah ya yarda lafiya zai dawo mata da shi.

Ɗan jagoran da aka ba su sunansa Linus, mutumin wani ƙauye a gindin dutsen, gajere mai kimanin shekara arba'in da biyar, da takalmin roba irin na manoma. Da ɗan Turancinsa da ɗan Malay ɗin da suke ji ya gaya musu kusan shekara biyu bai hau da kowa ba, noman kabeji da citta ya koma, su ne baƙinsa na uku tun da aka buɗe. Yana da wani ɗan busasshen tari irin na masu shan taba.

Hanyar ba ta da sauƙi ko kaɗan. Matakala ce ta katako da saiwoyi da duwatsu, ba ta ƙarewa, ga hazo yana shigowa yana fita tsakanin bishiyoyi. 'Yan dako na wuce su da tukunyar gas a baya kamar ba komai suka ɗauka ba. Tun a sa'ar farko kowa ya cire takunkumi, don ba a iya numfashi da shi. Linus ya lura da tafiyar Malam, sai ya karɓi jakarsa ya ɗora a kan tasa. Yana tafe yana nuna musu abubuwa, har da wani tsiro mai kamar ƙaramin tulu da ke cin ƙwari, wanda Malam ya durƙusa gabansa yana kallo kamar ya ga ɗan'uwa. Duk inda suka tsaya hutu sai Linus ya fito da filas na shayin citta, ya zuba a murfin ya miƙa. Karon farko Haliru ya so ya ƙi, ya rasa dalilin da zai bayar. Ya sha, ya miƙa wa Malam, Malam ya sha ya mayar wa Linus. Haka suka yi ta yi har sama.

A masaukin da ke can sama ɗaki ɗaya aka ba su, ƙarami, tagoginsa a rufe saboda sanyi. Haliru ya haɗiyi maganin zazzaɓi a ɓoye, in tari ya taso ya danne shi da bargo. Da Malam ya tambaya, ya ce sanyin wurin ne. Kafin asuba suka kama sauran hanyar, inda babu bishiya ko ɗaya, sai tsurar dutse da farar igiya da ake bi. Malam yakan yi taku goma ya tsaya, Linus na gefensa yana ce masa a hankali, a hankali, boleh, wato za ka iya. A kan dutsen suka yi taimama suka yi sallah. Rana na fitowa suka isa ƙololuwa. Gajimare na ƙasa da su, shimfiɗe kamar auduga har iya ganin ido. Malam ya zauna a kan wani dutse hawaye na zubo masa, bai ko share ba. Can ya kama hannun Haliru ya ce, "Ba don kai ba da ban ga wannan ba. Allah ya yi maka albarka." Linus ya ɗauke su hoto a haka.

A kogi, a rana ta biyu, Haliru ya tashi garau, ƙaiƙayin ya tafi, har ya soma gaya wa kansa Allah ya rufa asiri. A ranar ce Malam ya kasa cin abincin rana. Ya ce gajiyar dutse ce, ya nace sai ya shiga kwalekwalen yamma. Sun ga birai masu dogon hanci suna tsalle a kan rassa, sun ga kada kwance a taɓo. Daf da magariba mai tuƙin ya kashe inji ya nuna musu gaɓa: giwaye ne, ƙanana irin na ƙasar, sun kai goma sha biyu, da jaririya a tsakiyarsu, suna fizgar ciyawa a bakin ruwa. Kowa a kwalekwalen ya ɗaga waya. Haliru kuwa Malam yake kallo, wanda ya ƙudundune cikin rigar sanyi a wannan zafin, haƙoransa na haɗuwa, yana murmushi yana ƙirga giwayen da yatsa. A nan ma Haliru bai ce komai ba. Bai ce ba a masauki, bai ce ba a jirgin dawowa.

Kwana biyu da isowarsu Kuala Lumpur, na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna iskar jinin Malam ta yi ƙasa sosai. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Haliru ya leƙo ta taga daga hawa na tara ya ga ana shigar da shi, Hajiya Hannatu na tsaye nesa da silifas, an hana ta bi. Shi ma ya sake gwaji, wannan karon a gaban Surayya, layi biyu suka fito. Surayya da Mero suka kamu, suka yi kwana uku suna zazzaɓi suka warware. Kowa ya ɗauka a can Sabah su biyun suka ɗebo cutar, Haliru ƙuruciya ta taimake shi, Malam kuma shekaru da sukari suka kayar da shi.

Aka sa wa Malam iskar oksijin. Ba a shiga dubiya, sai waya, ita ma ba ya iya daɗewa a kai. A ɗaya daga cikin wayoyin Hajiya ta matsa masa da tambayar inda yake jin ya kamu, ya ce bai sani ba, amma dai ɗan jagoransu yana ɗan tari. Bai faɗa da zargi ba, ita kuwa ta riƙe maganar gam. Mace ce da ke kwana tana tashi da fargaba, ga yara uku a ɗaki, tana bukatar wanda za ta ɗora wa. Ta kai maganar ga Zahraddeen, shugaban ƙungiyar ɗaliban Najeriya na unguwar, ya ce lallai a rubuta wa kamfanin, kada gobe su haɗa wani da marar lafiya. Zahraddeen ya kira Haliru a matsayin shaida. Ya tambaye shi ko gaskiya ne jagoran na tari, Haliru ya ce yana yi. Ya tambaya ko ya shayar da su a murfi ɗaya, Haliru ya ce haka ne. Babu ƙarya ko ɗaya a amsoshinsa, kuma da ya ajiye wayar sai da ya shiga banɗaki ya wanke fuska. Aka aika takardar da sunan Haliru a ƙasa. A zauren WhatsApp na ƙungiyar aka yi ta tsine wa mutumin da babu wanda ya taɓa gani, a daidai wurin da mako guda kafin nan aka yi ta yaba hoton ƙololuwa.

Ranar da wa'adin killacewarsa ya cika, Haliru ya sauka shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gidan, zai yi tapau ɗin abincin rana, wato a ƙulle masa ya tafi da shi. Yana tsaye yana jira saƙon murya ya shigo daga Linus. Ya kara a kunne. Linus ya gaishe shi, ya tambayi jikin Pak Ashafa, kamar yadda yake kiran Malam. Ya ce shi ma ya kwanta bayan tafiyarsu, ya tura tsohuwarsa gidan ƙanwarsa don kada ta kamu. Ya ce kamfani ya dakatar da shi saboda takardar da aka kawo. Gwajinsa kafin hawan lafiya lau ya nuna, amma wataƙila gwajin ne ya yi kuskure, in ta wajensa abin ya fito a ba Pak Ashafa da iyalinsa haƙuri, yana sa shi a addu'a. Bai roƙi komai ba. Mai shagon ya kira Haliru har sau uku kafin ya ji ya karɓi ledarsa.

Da ya hau sama ya tarar Surayya na zuba miya a kula za ta kai hawa na sha huɗu, kamar yadda take yi kullum. Ya ce ta zauna. Ya gaya mata komai, tun daga banɗaki, idonsa na kan tayil.

"Abban Mero," ta ce, "a ranar nan Mero a kan ƙirjinka ta yi barcin rana. Ina kallo."

Ya ce ya sani.

"Kullum ina tsaye a ƙofar matar nan ina ba ta haƙuri, ina taya ta zagin bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da wane ido zan kalle ta yanzu?"

Ta rufe kular ta ajiye a gabansa. Ta ce yau shi zai kai, kuma ba daga bakinta Hajiya za ta ji wannan maganar ba, ba kuma za ta iya riƙe ta har abada ba. Ya kai kular, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye a bakin ƙofa, ya juyo kafin a buɗe.

Kwana goma sha shida Malam ya yi a asibiti. Ya dawo ya rame, wuyansa ya yi tsawo, daga ɗaki zuwa falo sai ya huta. Haliru ya bari sai rana ta uku, bayan azahar, lokacin da 'yan dubiya suka ragu. Ya tarar da shi kishingiɗe a kan doguwar kujera. Malam na ganinsa ya washe baki, ya ce ina ya shige, ko tsoron kada a sake jan shi wani dutsen yake yi. Haliru bai zauna a kujera ba, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa.

"Malam, ba Linus ba ne. Ni ne. Na yi gwaji ana gobe tafiya, ya nuna ina da ita. Na ɓoye, na aika na ƙarya."

Murmushin bai tafi nan da nan ba, a hankali ya janye. Malam ya dube shi, ya dubi silin. Da ya yi magana, tambaya ɗaya ya yi: lokacin da suke shan shayi a murfin nan, ya sani? Haliru ya ce ya sani. Malam ya gyaɗa kai.

"Da ka gaya mini a ranar," ya ce, "wataƙila da na ce mu je a haka. Ina son tafiyar nan fiye da yadda kake zato. Amma da ni na zaɓa. Kai ka zaɓar mini, ka zaɓar wa Hannatu da yaran nan, ka zaɓar wa wancan bawan Allah."

Ya huta, sannan ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya kira matarsa. Haliru ya ɗago kai da sauri, Malam ya ce ai ba shi kaɗai aka yi wa ba. Hajiya ta fito daga kicin tana goge hannu. Malam ya ce wa Haliru ya maimaita. Faɗar ta biyu ta fi ta farko wuya nesa ba kusa ba. Hajiya ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya gama, ta ce ita kam har da hannunta a cutar da wani, tunda ita ta sa aka rubuta takardar. Sai ta koma kicin ta rufe ƙofa, suna jin kukanta ta cikin ƙarar famfo.

Malam ya sa aka ɗauko kwamfutarsa. A nan ƙasa, a gabansa, Haliru ya rubuta wa kamfanin cewa shaidar da ya bayar ta ɓoye gaskiya, shi ne ya aika hoton gwajin bogi, Linus ba shi da laifi, kuma babu abin da ya yi musu sai alheri. Malam ya karanta, ya gyara kalma biyu, ya ce a aika. Sannan ya ce saura zauren ƙungiya, tunda a can aka ci mutuncin mutumin. Haliru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutum ɗari da wani abu ne a zauren, abokan karatunsa, matan abokansa, har da waɗanda yake ja sallah in liman bai zo ba. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, ya tura.

Zauren ya yi tsit har magariba. Daga baya wani ya rubuta innalillahi, wani ya ce Allah ya kyauta, Zahraddeen ya kira shi ya yi masa faɗan da bai taɓa zaton zai ji daga sa'ansa ba, saboda ya sa shi sa hannu a kan zalunci. Makonni Haliru na zuwa Juma'a a makare, ya tsaya a sahun baya, ana sallama ya fice. Babu wanda ya tare shi da maganar, gaisuwa ce dai ta gajarce. Surayya ta ɗauki lokaci tana yi masa magana iya abin da ya zama dole.

Linus ya fi wuyar tunkara. Haliru ya kira sau biyu ba a ɗauka ba, sai ya aika saƙon murya mai tsawo. Bayan kwana huɗu amsa ta zo a rubuce, layi biyu: ya ji, kuma ya gode da takardar da aka aika. Sai da aka yi mako uku kamfanin ya mayar da shi aiki, ya kuma rubuto wa Haliru cewa ba za su sake karɓarsa a wata tafiya ba. Linus bai ƙara rubuto masa ba, amma Malam ya ce shi yana kiransa lokaci-lokaci su gaisa.

An ɗaga kare kundin Malam zuwa Yuni, ya yi ya ci. Numfashinsa bai koma daidai ba, likitoci suka ce sai a hankali, ba su kuma yi alkawari ba. Hajiya Hannatu na amsa gaisuwar Haliru in sun haɗu a lif, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai. Tsakaninta da Surayya ne abin ya ɗan gyaru, saboda yara.

Ana saura mako guda su tashi, Malam ya kira shi a waya, karo na farko tun ranar. Ya ce zai je Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen tsaraba, ba zai iya ɗaukar kaya ba. Suka shiga tasi ɗaya, hirar ba ta wuce ta zafin gari da cunkoson hanya ba. Suka bi shagunan yadi ɗaya bayan ɗaya, Malam na zaɓar mayafai da yadin riguna na 'yan'uwa, Haliru na biye da ledoji a hannu biyu. Duk shago biyu ko uku sai Malam ya nemi kujera. A wani kedai, ɗan shagon shayi, da suka zauna shan ruwa, Haliru ya tattaro ƙarfin hali ya ce yana roƙon Malam ya yafe masa kafin ya tafi.

Malam ya juya kofinsa a kan tebur. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe tun yana kwance, don ba ya son ya je gaban Allah da riƙo. Na Hannatu kuwa nata ne, kada ya matsa mata. Ya ce abu ɗaya ne ya kasa: ya so ya sa hoton nan na ƙololuwa a ofishinsa, ya nuna wa ɗalibai, amma duk lokacin da ya buɗe shi sai ya rufe. Wataƙila nan gaba.

Malam ya gama shan ruwansa, ya dafa tebur ya miƙe, ya ce saura shagon turare, Hannatu ta rubuto masa sunaye har guda biyar kuma bai san ko ɗaya ba. Haliru ya tattara ledojin ya bi bayansa.